Rumbun Malam Isufu

Ranar nan na shigo shago na tarar da biyu daga cikinku sun dafa kwamfutar gaba suna shawarar goge wani rumbun ajiyar aiki. Wai tarkace ne, tun da suka zo ba su taɓa ganin an tura masa komai ba. Da na ɗaga murya sai aka ce mini, "Ai layi ɗaya ne, Baba Lawan, ko an goge ana iya maido shi." Ban musa ba, layi ɗaya ne. Ku dai duk sana'ar nan layi ɗaya ce a wurinku: mutum ya rubuta sunansa, ya rubuta imel ɗinsa, ya nuna wa manhajar git inda zai kai aiki, shi ke nan ya zama gwani, a kawo shayi. To ku ajiye wayoyin nan ku saurara. Saboda layin nan ɗaya wata mata a Damagaram ta yi shekaru ba ta san ko tana da miji ko ba ta da shi ba, kuma ni da nake ba ku labarin har yau ban gama gane abin da ya faru ba.

Ni ba da ilmin kwamfuta na zo Sabha ta ƙasar Libiya ba. Gyaran waya na koya a Kano, na taho da jakar gilasan waya da batura, wasu na sayar a hanya, wasu aka karɓe ba da son raina ba. Na daɗe ina tsayuwa a unguwar Jadid da sassafe tare da 'yan Nijar, motar ɗan kwangila ta tsaya mu yi mata ca, a ɗebi masu ƙirji a bar irina. Wata rana na bi ta wani lungu a nan unguwar Mahdiya na ga dogon mutum a bakin shago yana kokawa da ƙarfen narka dalma, har ya ƙona yatsa. Na ce ya ba ni in gwada. Da na gama ya juya abin ya duba, bai ce ya yi kyau ba, ya ce in dawo gobe. Shi ne Malam Isufu, mutumin Damagaram. Ya yi karatun kwamfuta a Yamai, ya taho da niyyar wucewa gaba, sai Sabha ta riƙe shi. Ƙananan manhajoji yake rubuta wa mutanen gari: mai kemis da ke son sanin maganin da ya kusa lalacewa, mai kayan gyaran mota, da Haj Milad mai gona a bayan gari, wanda yake son famfunan rijiyoyinsa su riƙa tashi su tsaya da kansu.

Kayan aikinmu ba su kai a ba da labarinsu ba, amma zan bayar don ku daina raina wanda kuke zaune a kansa. Kwamfuta ce babba guda ɗaya, murfinta a buɗe saboda zafi, an jingina mata fankar tebur. Batirin babbar mota na ƙarƙashin benci don ranar da aka ɗauke wuta. Abin kama intanet kuwa a jikin ƙusa yake a taga, in iska ta juya shi sai wani ya tashi ya gyara masa fuska. Mu uku muke koyo. Akwai Haruna mutumin Tawa, wanda ya riga ni zuwa kuma bai taɓa bari na manta da haka ba. Akwai Ila mutumin Agadas, mai hannu da sauri da mantuwa da sauri. Sai ni.

Ranar da Malam ya fara nuna mini git, bai buɗe littafi ba. Ya ce wannan manhaja ce mai riƙe tarihin aiki. Duk sanda ka gama wani yanki sai ka ɗaure shi, git ya liƙa masa sunan mai aikin da lokaci da ɗan bayanin da ka rubuta. Ku kuna cewa commit, shi ƙulli yake cewa. Kwafin da ake ajiyewa a wani wuri daban don gudun ɓacin rana, wanda kuke kira remote, shi rumbu yake ce masa, mu ma muka ɗauka. Sai ya zaro wata filasha mai igiya daga wuyansa, shi kile yake kiranta irin na mutanen Nijar, ya soka ta, ya rubuta git remote add, ya ba ta suna, ya nuna hanyarta. Na ce yaya filasha za ta zama rumbun nesa, ga ta a gabana? Ya ce git ba ruwansa da nisa, adireshi kawai ya sani, ko bayan teku ne ko aljihunka. In intanet ya tafi, filashar ce rumbu, da yamma ya rataye ta ya tafi da ita ɗakinsa a unguwar Tayuri. In ya dawo, sai a tura wa babban rumbun da ke intanet, wanda ya buɗe da asusunsa, mai suna origin. Na gyaɗa kai kamar na gane. Ban gane ba sai da aka yi wata ɓarna a gabana.

Ɓarnar ta Ila ce. An kawo sabon aiki na mai kayan mota, ya ga ya yi kama da na mai kemis, sai ya kwashe jakar aikin kemis ɗungurungum ya sake mata suna ya fara rubutu a ciki. Bai san cewa a cikin jakar akwai wani ɓoyayyen ɗaki da git ke ajiye adireshin rumbu ba. Ya yi aikinsa ya tura, aikin ya tafi inda adireshin ya ce. Da muka je sabunta wa mai kemis manhajarsa, sai ga jerin fatun birki da matatun mai a tsakiyar magungunan tari. Mutumin ya kalli allo ya kalle mu, ya tambaya ko mun ga gareji a bayan shagonsa. Daga ranar Malam ya kafa doka: ba mai tura aiki sai ya rubuta git remote -v ya karanta adireshin da idonsa, kamar yadda ba ka kai loma baki sai da bisimilla. Har yau ina yi, kuma kun sha ganina kuna dariya.

A kan rumbu ya matsa mana, amma a kan suna bai ce komai ba. Tun ranar da ya sayi kwamfutar ya rubuta git config --global user.name ya sa sunansa, ya sa imel ɗinsa a ƙasa. Wannan kalmar ta global na nufin duk aikin da aka yi ta mashigarsa, wato ƙofar da yake shiga kwamfutar da ita, sunansa zai ɗauka, mu kuwa mashiga ɗaya gare mu. Git ba ya tambayar shaida. Sunan da ka gaya masa shi zai yi ta liƙawa, ko da jaki ne ya taka madannai. Don haka duk ƙullin da ni ko Haruna ko Ila muka ɗaure, Isufu ne ya yi. Makullin da ke buɗe rumbun intanet shi ma ɗaya ne, Malam ya kwafa mana a filasha kowa ya zuba a inda yake aiki. Har bayanin ƙulli irin nasa muke rubutawa, domin shi ba ya rufe bayani sai da "Allah ya sa a dace", mu ma muka kwaikwaya har ya zama jiki.

Na taɓa tambaya sau ɗaya ko ba za a sa wa kowa nasa sunan ba. Malam na fama da wata waya, ya ce zai nuna mini daga baya. Haruna ne ya ja ni waje. Ya ce a garinsu in tela ya ɗinka riga a shagon maigidansa, ba wanda ke cewa rigar yaron shago ce, kuma rashin kunya ne mai koyo ya liƙa sunansa kusa da na wanda ya koya masa. Ban iya musa masa ba, don a Kano ma haka na taso na gani. Akwai kuma abin da ba mu faɗa da baki. A cikinmu Malam kaɗai ke da iƙama, takardar izinin zama. In aiki ya ɓaci a wurin Balarabe, gara sunan da za a gani ya zama na wanda zai iya tsayawa gaban 'yan sanda. Inuwar sunansa ta yi mana daɗi, ba wanda ya so fita rana.

Sai muguwar shekara ta zo. Harbe-harbe ya yi yawa a gari, wuta ta koma baƙuwa, intanet ya ɗauke har muka manta da ƙusar taga. Mai kayan mota ya rufe ya kwashe iyalinsa. Batirin benci ya mutu, muka koma cajin wayoyin mutane da hasken rana don mu samu na burodi. Ila ya gaji, ya ɗauki 'yar ƙaramar kwamfutar da yake aiki da ita ya koma Agadas. Malam ya ce zai leƙa Tarabulus, akwai wani abokin ciniki da ya ƙaura can, zai gan shi ya kuma sayo kaya. Ya cire filashar daga wuyansa ya rataya wa Haruna, ya bar rigar sanyinsa a jikin ƙusa bayan ƙofa. Ya kira mu daga hanya. Bayan wannan wayarsa ba ta sake shiga ba.

Mun nema. Mun tambayi direbobi, mun tambayi waɗanda aka sako daga wuraren tsare mutane. Wani ya ce ya gan shi a wani gari bakin teku, wani ya ce an kama motarsu, wani ya rantse cewa ya hau jirgin ruwa. Kowa da nasa, ba biyu da suka zo ɗaya. Lambar gidansu tana cikin wayar da ta tafi da shi, sai muka ba wani direban Damagaram saƙon baki, ya nemi gidan ya ce musu Isufu ya ɓata. Direban bai dawo ta kanmu ba.

Da gari ya lafa, wuta ta fara dawowa, muka buɗe shago muka ci gaba da aikin kemis da na gona. Ranar da na ɗaure ƙullin farko na ga sunan Malam ya fito a allo. Na ce wa Haruna ko mu canza sunan.

Ya ajiye abin da ke hannunsa ya dube ni. "Kai Lawan, mutum ya tahi tahiya, ba a ji mutuwatai ba, kai ko ka tashi hidda sunanai? To ka raba gadonai mana ka huta. Ga riga can bayan ƙohwa, ɗauki ka sa."

Ni ma a gidanmu ba a naɗe tabarmar matafiyi sai an ji labarinsa. Muka bar sunan yadda muka bar rigar. Muka yi ta aiki, muna turawa rumbun intanet da makullinsa, shekara na bin shekara. Shafin rumbun kuwa ba ma buɗewa, don kalmar sirrin asusun tana kan Malam. Baƙin allon nan da muke rubuta umarni a kai ya ishe mu.

Ina cikin gyaran gargaɗin maganin da ya kusa lalacewa ne, da hantsi, wani saurayi ya yi sallama da jaka a kafaɗa. Tsayinsa da hancinsa suka sa na miƙe tsaye ban shirya ba. Bai zauna ba, bai karɓi ruwa ba.

"Nan ne shagon Isufu?"

Na ce nan ne.

"Sunana Abdu. Wana ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Ku kira mini shi."

Na ce Malam ai ya yi shekaru ba ya nan, ko saƙonmu bai isa ba?

"Malam, kada ka ɓoye mini shi. Jiya da la'asar ya yi aiki." Ya zaro waya ya miƙo mini. Shafin rumbunmu ne, ga sunan Isufu, ga lokacin, ga "Allah ya sa a dace" a ƙarshe. Aikin da na yi jiya ne da hannuna, ina shan shayi.

Sai da Haruna ya zaunar da shi ya ba shi ruwa sannan muka ji sauran. Ashe tun Abdu yana makaranta Malam ya ba shi izinin leƙa rumbun don ya riƙa koyo. Saƙon direba ya isa gida, an yi kuka, mahaifiyarsu ta kwanta ciwo, matar Malam, Mariyama, ta fara karɓar masu jaje. Ana cikin haka wata rana Abdu ya buɗe shafin ya ga sunan wansa ya ɗaure sabon aiki. Ya ruga gida da gudu, aka yi sadaka, aka ce direba maƙaryaci ne. Suka zauna jiran waya. Waya ba ta zo ba, amma sunan bai fasa aiki ba, mako bayan mako. Abdu ya rubuta wa imel ɗin, shiru. Ya bar saƙonni a jikin shafin, shiru, don sanarwarsu akwatin Malam take tafiya. Murna ta koma fushi. Gari ya ɗauka Isufu ya samu duniya a Libiya ya watsar da gida, har mahaifiyarsa ta hana a ambaci sunansa a gabanta. Da Mariyama ta gaji ta kai magana wurin alƙali a matsayin matar wanda ya ɓata, Abdu da kansa ya ba da shaidar cewa wansa na da rai yana aiki a Sabha. Alƙali ya ce to wannan ba ɓatacce ba ne, a je a same shi, ko ya dawo ko ya sawwaƙe mata. Abin da ya kawo Abdu ke nan, ya ratsa sahara don ya karɓi kalma ɗaya daga bakin wansa.

Ban taɓa jin kunya da ruɗewa sun haɗu mini wuri ɗaya kamar ranar ba. Haruna ya yi ta maimaita cewa don girmamawa muka yi. Abdu bai zage mu ba, da ya zaga da ya fi sauƙi. Ya ce, "To ku nuna mini inda aikinsa ya tsaya, naku ya fara. In koma in ce daga rana kaza ba a sake jin ɗuriyarsa ba."

Muka ɗauka wannan mai sauƙi ne. Na buɗe tarihin ƙulle-ƙullen, muka fara daga ranar da Malam ya tafi muna gangarowa. Duk suna ɗaya, imel ɗaya, addu'a ɗaya, sai dai mutum ya gane aikinsa kamar yadda mace ke gane kwanonta a gidan biki. Ni in ce wannan nawa ne, Haruna ya ce wancan nasa. Mun yi nisa muka iso wani ƙulli a aikin gonar Haj Milad. Na ce na Haruna ne. Haruna ya ce nawa ne.

Ku tsaya in gaya muku ko wane gyara ne. Famfon rijiyar gabas yana da wata cuta tun zamanin Malam: in an ɗauke wuta aka maido, sai ya manta an riga an yi ban ruwa ya sake tashi, ya cika kwamin albasa har albasar ta ruɓe. Malam ya yi alkawarin gyarawa kafin tafiyarsa, bai samu yi ba. Ni na duba na kasa, Haruna ya duba ya kasa. Wata rana da sanyi muka jawo abin da ke rumbu kamar kullum, muka kai wa Haj Milad sabuwar manhaja, cutar ta warke. Ya zo shago da kwalin dabino yana ta cewa bahi, bahi, wato ya yi kyau. Na ci dabinon ina yaba wa Haruna a zuciya, ashe shi ma ni yake yaba wa. Ba wanda ya furta, don kowa na jin kunyar cewa ba shi ya iya ba.

Abdu ya matso da kujera. Shi ya lura da lokacin. Git ba agogo kaɗai yake rubutawa ba, yana ƙara yawan awannin da agogon kwamfutar ya ɗara na ma'aunin duniya. Duk ƙullin da aka ɗaure a Libiya awa biyu yake nunawa. Wannan awa ɗaya ya nuna.

"Ba a nan aka yi shi ba," in ji Abdu. Muryarsa ta canza.

Haruna ya miƙe tsaye. "Shi ne. Na hwaɗa muku shina nan da rai. Wa ya san ciwon hwamhwon ga in ba shi ba?"

Ni ma na so in yarda. Amma da muka zauna lissafin inda ake awa ɗaya, sai kaina ya ƙara ɗaurewa. Nijar awa ɗaya ce. Najeriya ma haka. Aljeriya da Tunisiya haka. Ƙasashen da ke tsallaken teku su ma da sanyi awa ɗaya suke komawa, kuma da sanyi aka yi gyaran. Ke nan ko ya tsallaka, ko ya koma wajen gida bai shiga gida ba, ko yana wata ƙasa a tsakani. Ko kuma ba shi ba ne sam, domin akwai wani mai makullinmu da sunan Malam a kwamfutarsa a ƙasar awa ɗaya.

Muka nemo lambar Ila a Agadas. Ya ɗauka cikin hayaniyar kasuwa, ya daɗe da barin sana'ar. Na karanta masa gyaran. Ya ce ya tuna bayan komawarsa ya taɓa buɗe aikin gonar don kewa, ya ɗan taɓa wani abu, amma bai tuna ko famfon gabas ne ba, bai kuma tuna ko ya tura ba. Na ce ya duba kwamfutar. Ya ce an ƙwace ta a hanyar wurin haƙar zinariya. Yaushe? Ya ce da sanyi ne, ko kafin sanyi, shi dai ya san yana sanye da rawani. Haruna ya fizge wayar ya ce Ila bai taɓa gyara abin da ya gagare mu ba a rayuwarsa. Ila ya ce wannan gaskiya ne, amma ko makaho yakan tsinci allura. Muka kashe waya ba mu ƙaru da komai ba.

Abdu ya kwana biyu yana juya ƙullin nan. Ya duba salon rubutun, salon Malam ne, amma dukanmu salon Malam ne da mu. Ya duba shafin ko zai nuna wanda ya turo, shafin ya ce Isufu, kamar yadda ya ce a kan nawa na jiya. Abin da ya fi ci mini rai ke nan. In Malam ne ya samu kwamfuta a wani wuri na ɗan lokaci, ya cika alkawarin famfo don mu san yana nan, to muryarsa ta faɗa cikin hayaniyar da muke yi da sunansa, ba wanda ya ji. In kuma ba shi ba ne, mun ƙara wa ɗan'uwansa wani ƙaiƙayin da ba zai taɓa sosawa ba. Me ya sa bai rubuta ko kalma ɗaya ta gaisuwa a bayanin ba? Haruna ya ce ai halinsa ne, bai taɓa sa zancen da ba na aiki ba a cikin ƙulli. Wannan ma gaskiya ne, kuma bai warware komai ba.

Ranar da zai tafi Abdu ya ce, "Yaya Lawan, me zan gaya wa alƙali?"

Na ce ya gaya masa abin da ya gani: sunan da ke aiki ba Isufu ba ne, mu ne, sai ƙulli ɗaya da ba mu san mai shi ba.

Ya ce, "To ku daina magana da bakinsa. In ya sake magana, in san shi ne."

Ga yadda muka yi, kuma shi ne abin da kuka gani kuka kira tarkace. Ba mu iya taɓa asusun Malam, don haka muka buɗe na shago, muka yi sabon rumbu, kowa ya ƙera makullinsa, kowa ya samu mashigarsa a kwamfuta. Tsohon rumbun na rubuta git remote rename na cire masa sunan origin na sa masa malam. Sabon ya karɓi origin, aiki ya koma can. Tsohon makullin muka bar shi a wuri ɗaya don leƙe kawai. Daga ranar ba mu sake zuba wa rumbun Malam ko ƙwaya ba, domin duk abin da ya faɗo cikinsa ya zama ba daga shagon nan ya fito ba.

Saura sunan Malam da ke cikin kwamfutar. Na rubuta umarnin cire shi, hannuna ya ƙi dannawa. Haruna ya juya wa allon baya, ya ce shi ba da shi ba. Abdu ya ce shi ne jininsa, in laifi ne a kansa. Ya sa yatsa ya danna, ya cire sunan, ya cire imel ɗin. Ya ɗauki rigar bayan ƙofa ya naɗe ta cikin jakarsa zai kai wa mahaifiyarsu.

Da na zo ɗaure aikin ranar, git ya ƙi. Ya rubuto cewa bai san mai aikin ba, in gaya masa ko ni wane ne. Na yi shekaru a kan kujerar nan ba a taɓa yi mini wannan tambayar ba, na zauna ina kallonta kamar ɗan ƙauye a tasha. Wane zan sa? Sunan fasfona daban, wanda Larabawan unguwa ke kirana daban, wanda na ba 'yan shinge a hanya daban. Haruna ya ce daga bayana, ba tare da ya juyo ba, in sa wanda uwata za ta gane. Na rubuta Lawan da sunan mahaifina. Shi ya sa duk wanda ya zo koyo a cikinku, kafin ya taɓa komai, nake tsayawa a kansa ya rubuta sunansa na gaskiya, kuna cewa tsohon nan ya cika ƙa'ida.

Abdu ya koma ya janye shaidarsa. Alƙali ya sa wa Mariyama wa'adi daga farko, kamar shekarun da ta riga ta yi ba a yi su ba. Wa'adin ya cika, ta yi takaba, daga baya ta yi aure. Mahaifiyarsu ta ɗage hanin ambaton sunansa kafin ta rasu, an ce da rigar take yin matashi. Abdu ya yi aure ya haifi namiji ya sa masa Isufu. Haruna da ya ji bai yi barka ba, ya ce ba a yi wa mai rai magaji. Har ya koma Tawa bai canza magana ba, ni kuma har yau in an tambaye ni wa ya gyara famfon gabas, ban sani ba.

Abdu yakan kira jefi-jefi. Mukan gaisa, in tambayi yaro, ya tambayi kasuwa. Shi ma yana iya buɗe shafin da kansa, amma sai ya ce, "Yaya Lawan, akwai?"

Kullum in na buɗe shago, kafin in ɗora ruwan shayi, nakan rubuta git fetch malam. In akwai sabon abu a rumbu, git zai jero shi a allo. In babu, ba ya cewa babu. Yakan ɗan yi jim, sannan ya maido maka da layinka ba tare da ya rubuta komai ba. Yau da safe ma haka ya yi. Idona ya fara rauni, kuma ba kullum nake riga ku zuwa ba. Daga gobe, duk wanda ya fara buɗe ƙofa a cikinku, shi zai tambaya.